Darar da Baba Ya Rufe da Tasa

A shekarun da nake ba da labari, ni matashin mahauci ne a Garwa, ga ƙarfi ga son a ce na fi kowa. A hannun mahaifina na koyi sana'ar, can Pitowa. Shi mutum ne da ko cinya guda ta rage a kan tebur, da an kira azahar zai wanke wuƙa ya ce kasuwarsa ta tashi. Ragowar a yi kilishi, shi kuwa sai gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, inda ya haƙa ramukan dara. Ni ke da tsinkaye, shi ke da duwatsu. Yakan cinye ni yana dariya har hularsa ta zame, yana cewa hannuna ya iya wuƙa amma kaina bai iya komai ba. A lokacin lalaci na ɗauki zaman nan, yau kuwa babu abin da nake kewa kamarsa.

Da na samu kwangilar kai nama otal-otal, sai na zama ba ni da Juma'a ba ni da Lahadi. Wata ranar kasuwar Pitowa muna cikin dara, aka kira ni a waya ana neman naman biki. Wasa ya zo kaina, amma na miƙe na karkaɗe riga na ce masa ina zuwa. Ya ce in je, ba zai taɓa ba.

Ban yanke zuwa gida ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Sai dai zuwan na tsaye ne. In miƙa ledar nama, in gaishe shi babur na kunne, in ya ambaci dara in ce ina zuwa. Ya taɓa aiko mini da cewa naman ya isa haka, haƙoran ma sun ƙare. Na yi dariya na ƙara masa hanta. Na gina gida, na sayi mota, alhali tsakanin Garwa da Pitowa ko shayi ba ya hucewa.

Ina Marwa cinikin shanu aka ce Baba ya cika, na iso an dawo daga maƙabarta. Bayan an watse zaman makoki, Inna ta ja ni gindin darbejiya, ta nuna mini wata tsohuwar tasa a kife, an danne ta da dutse. Ta ce duk damina sai ya gyara ramukan ya mayar da kowane ɗa inda yake, in abokansa suka zo kuma ya haƙa musu wasu, ya ce wannan wasan nawa ne. Na ɗaga tasar na daɗe ina kallo. Saura in gusar da tsinke ɗaya in cinye Baba, abin da ban taɓa yi ba, kuma na tabbata ya gani tun ranar. Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a makoki ba.

Yanzu da azahar nake wanke wuƙa, kuma ban talauce ba. Na gane kuɗin da na ce don iyayena nake nema, ba su Baba yake jira ba. Ɗan'uwa mai karatu, in akwai wanda ka ce wa kana zuwa, kashe babur ɗin ka zauna tun yana nan. Tawa darar tana ƙarƙashin tasa har yau, wasa nawa ne, babu wanda zan yi da shi.