Akuyar da Kawu Sale ya koya wa Hausa

Shekara uku ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, amma har yau idan Juma'a ta yi sai in ji kamar zai ƙwanƙwasa ƙofarmu a unguwar Bin Mahmud yana warin awaki. Umma takan ce, "Sale, don Allah wanka tukuna." Shi kuwa ya ce wannan turaren ko Larabawa ba su da kuɗin sayensa.

Aikin direba ya kawo shi Doha. Kafil ɗinsa, wato maigidan da ya ɗauko shi aiki, wani dattijo a unguwar Mu'aither, ya ga dabbobi na son sa, sai ya mayar da shi garkensa na bayan gari. Can na fara ganin ta, ina 'yar shekara goma sha biyu. 'Yar akuya ce sabuwar haihuwa, zawo ya tsotse ta har ta koma kamar tsohuwar safa. Likitan dabbobi ya ce ƙwayoyin bakteriya ne suka kama hanjinta. Ya ba da magani, ya ce amma ƙarewar ruwan jiki ce za ta riga cutar kashe ta. Dattijon ya dube ta ya ce, "Khalas," wato tata ta ƙare. Kawu ya ce a bar masa ita.

Ya ware ta daga sauran. Ya sace fidar ƙanena, yana ɗura mata ruwan gishiri da sukari yana yi mata faɗa: "Sha, ja'ira! Ke da Hanifa ban san wa ya fi taurin kai ba." Hanifa ni ce. Ja'ira kuwa sunana ne a bakinsa tun ranar da na zuba masa gishiri a shayi. Zawon da 'yar akuyar nan ta sakar mini a takalmi, wallahi ya isa a yi iyo a ciki. Ina kuka yana dariya, sannan ya sa ni wanke hannu da sabulu har fatata ta kusa salewa. "Wannan cutar ba ta duba fasfo," in ji shi. "Mutum ma tana kama shi."

Ta tashi. Ta girma tana zaton Ja'ira ne sunanta, kuma ba ta jin yaren kowa sai Hausa. Ka ce mata "yalla", wato "mu je" da Larabci, har muryarka ta dushe, ko kunne ba za ta motsa ba.

Shekara guda bayan haka mota ta kife da Kawu a hanyar garken. A nan Doha aka binne shi. Ban sake zuwa garken ba.

Watan jiya sabon makiyayin, Rafik, ɗan Bangladesh, ya kira Abba. Ja'ira ta kwanta da irin cutar da ta so kashe ta tana ƙarama, ta kuma danne baki ta ƙi magani. Ya ji an ce akwai yaren da take ji.

Abba ya kai ni. Garken ya canza. An sa fankoki, har da kyamara. Na san da Kawu zai gani, ba zai kalli ko ɗaya ba, kwamin ruwa zai fara leƙawa ya tambayi yaushe rabon da a wanke shi. Na durƙusa gaban Ja'ira. Idanunta sun faɗa, cikinta na ƙugi. Na shirya kalamai masu daɗi a mota, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sha, ja'ira."

Ta ɗaga kai ta dubi bayana, ba ni ba. Shi take nema. Sannan ta sha.

Ba ta kai mako ba. Likita ya ce an makara.

Kawu bai bar gida ba, bai bar 'ya'ya ba. Kayansa duka jaka ɗaya ta kwashe. Na ɗauka abin da ya rage nasa a ƙasar nan shi ne kabari da akuya, ga shi akuyar ta bi shi. Sai dai ta bar 'ya, baƙa mai farin goshi, wadda ta cinye mini gefen hijabi ina tsakiyar kuka. Yanzu duk Juma'a Abba na kai ni. In wanke kwamin ruwa, in wanke hannu, in zauna in yi mata faɗa da Hausa.

Rafik ya tambaye ni ma'anar kalmar da nake kiran ta da ita. Na buɗe baki in fassara masa, sai na tuna shekara uku ke nan ba wanda ya kira ni da ita.