Ranar da na mayar da Oga Bulus lamba biyar

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da na ciro foman ɗinmu daga lamba tara ba. A shekarun saba'in ne, ina sabon ma'aikaci a loko, wurin gyaran kan jirgin ƙasa a Kafanchan. Ina cikin watannin gwaji, kuma sai foman, Oga Bulus, ya sa hannu a takardata kafin a tabbatar da ni. In bai sa ba, sai in koma ƙauyenmu Madakiya in rungumi garma.

Ku yaran yanzu ba za ku yarda ba, amma a ƙungiyar ƙwallonmu da muƙami ake raba lamba. Foman shi ne tara, mai cin ƙwallo. Manyan makanikai huɗu a gefensa, ƙanana uku a tsakiya, leburori biyu rak a baya. Gola kuwa, wanda ya zo aiki a ƙarshe, wato ni.

Ni kuma duk wasan ƙungiyar ƙasa kunnena na jikin rediyo, washegari in yanko jerin 'yan wasa daga jarida. Na lura su huɗu suke ajiyewa a baya, biyu a tsakiya, huɗu a gaba, kuma ba ruwansu da wanda ya girmi wani.

Ran nan malaman makaranta suka zo daga Zonkwa. Kafin hutun rabin lokaci sun zura mini biyu. Oga Bulus, dogo ne ga tumbi, yana can gaba yana haki, ƙwallo ko gaishe shi ba ta yi. Raina ya ɓaci. Muna shan lemo na ji bakina ya ce, "Oga, da za ka dawo lamba biyar."

Wani makanike ya ce, "Yesu! Yaron nan ya gaji da aiki."

Oga ya ce, "Ni? Baya, da leburori?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a loko ina kake tsayawa? A bayanmu, kana ganin kowa, kana ba da oda. Can gaba ba wanda ke jin muryarka." Na tsuguna na jera tsakuwa a ƙasa, huɗu, biyu, huɗu.

Oga ya dubi tsakuwar. "To wa zai sa rigata?"

Na nuna Ayuba, leburan da ke loda kwal, wanda kullum da gudu yake zuwa aiki daga ƙauyensu. Oga ya tuɓe rigar ya wurga masa, bai ko dube ni ba.

Kai, jama'a! Duk ƙwallon da ta taso sama, kan Oga take samu. Muryar nan da ke tsorata mu a loko ta cika fili: "Rufe hagu! Kai Markus, dawo!" Ayuba kuwa, riga har gwiwa, ƙafa ba takalmi, ya ci biyu, ya ba da ta uku. Matan kwata, unguwar ma'aikatan jirgi, suka yi ta guɗa, ni ina tsalle a raga ina kuka don murna.

Litinin aka ce foman na kira. Na shiga ofis, takardata na kan tebur. Ya ce, "Danladi, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasa, lamba nawa yake sawa?"

"Biyar, Oga."

"Ka tabbata?"

"Ga jarida a aljihuna."

Ya karanta a hankali, ya gyara zama, ya ce, "Me ya hana ka faɗa tun farko?" Sai ya ja biro ya sa hannu.

Daga ranar na koyi cewa babba ba ya ƙin gyara, in ka nuna masa girmansa na nan a inda ka kai shi. Oga Bulus bai sake yarda kowa ya taɓa riga mai lamba biyar ba har ya yi ritaya.