Corinne, an rufe shari'arki ba a ba ki amsa ba

Ranar Talata, 9 ga Satumba, 2014, Allah ya yi wa surukata Corinne Tolliver rasuwa a asibiti, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ita ce matar 'yata Yvonne.

Corinne, na tsufa ban iya karatu ba. Ke kika sa ni a makarantar yamma. In kin tashi daga tuƙin bas ɗin 'yan makaranta sai ki biyo ki ɗauke ni, kina tsokanata: "Baba, yi sauri, ajin 'yan furfura ba ya jiran sarkin latti!" Da hannun da kika sa aka koya wa rubutu nake rubuta miki wannan.

Ranar da kuka kawo jikata Odessa gida, ke kika ɗora min ita a cinya. Na yi ta dariya ina hawaye har maƙwabta suka leƙo. Ban taɓa murna irin ta ranar ba.

Ke da Yvonne kun je wata jiha aka ɗaura muku aure bisa doka, tunda tamu ba ta yarda da auren mata biyu ba. Bara gwamnatin tarayyar Amurka ta yarda ku cika takardar haraji tare, a matsayin ma'aurata. Jiharmu ta ƙi. Ta ce kowacce ta cika tata, ta sa hannu bisa rantsuwa cewa ba ta da aure, sannan ku zaɓi wadda za a rubuta Odessa a ƙarƙashinta.

Yvonne ta ce, "Ke, sa hannu mu huta, uwar taurin kai."

Kika ce, "In rantse ba ni da ke, kina zaune kina cinye min dankali? Sai dai su zo su kama ni."

Kika kai ƙara. Aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Daga wankin ƙoda kike wucewa kotu, ki zauna a benci kina rawar sanyi, a ce ki dawo wata mai zuwa. Ba ki taɓa zagin kowa ba. Ni na zaga, kuma ban janye ba.

Furannin kabarinki ba su bushe ba lauyoyin jiha suka nemi a kori ƙarar, wai tunda ɗaya ta mutu babu sauran auren da za a yi jayayya a kai. Alƙali ya amince. Mutuwarki ta hutar da su. Yanzu Yvonne tana zaman makoki, jiha kuma ta ce ba ta taɓa aure ba balle ta yi rashi.

Allah ya jiƙanki, Corinne, ya ba ki hutun da duniya ta hana ki. Ya raya Odessa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki Loretta, da 'yan'uwanki, da Yvonne, matarki. Haka na rubuta, kuma ni na rantse a kai.

Otis Crenshaw