Takalman Mijin Lorna

Lorna Pruitt ba ta taɓa aure ba, amma shekara goma sha tara tana da miji. Sunansa Wendell, ƙafarsa kamar faranti, kuma ban da takalmansa babu wani abu nasa a duniya.

Motar ɗaukar 'yan makaranta take ja a wani ɗan gari na jihar Idaho, a Amurka. Da an ba da dogon hutu sai ta kulle gida, ta saɓa jakar goyo, ta shige duwatsu ita kaɗai, mako biyu, wani lokaci uku. In ta dawo ta rubuta abin da ta gani a jaridar garin mai fita ran Alhamis, inda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji, ta sace mata cuku, inda ƙanƙara ta toshe hanya a tsakiyar Yuli. Matan garin har yanke shafin suke yi su liƙa a jikin firji.

A daji Wendell yake aikinsa. Kowace mace mai tafiyar kaɗaici da irin dabararta, ta Lorna kuwa wasu tafka-tafkan takalma ne da ta saya a gwanjo, na hagun da tsaga a dunduniya. Duk inda ta kafa tanti sai ta jera su a ƙofa. A bakin kowace hanya akwai akwatin katako da littafin da matafiya ke sa hannu, nan take rubuta "Lorna da Wendell". In wani ƙato ya tsare ta da tambayoyi sai ta ce, "Maigidan yana baya, ka san tafiyar mai tumbi." A jarida ba ta taɓa ambaton sunan ba. Maganar gaskiya tana son Wendell, don shi kaɗai ne namijin da bai taɓa ce mata ina za ki ba.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to ta Lorna ta yi. Wata Talata da hantsi tana hawa zuwa wani tafki, ta yi kiciɓis da wasu tsofaffi, mata da miji, suna gangarowa da sanduna.

"Ke ce Lorna?" in ji tsohuwar. "Ɗaga ƙafa, 'yar nan, mijinki na can bakin tafki yana jira. Ya ce kin cika nawa."

"Wane mijin?"

Tsohon ya tuntsire da dariya. "Ji ta! Nawa gare ki? Wendell mana, dogo mai fara'a. Ya ce jar jaka kike goye da ita, ga ta kuwa."

"Kai dai rufe mana baki, Orville," tsohuwar ta katse shi, don ta ga yadda fuskar Lorna ta koma. "Lafiya, 'yar nan?"

Lorna ta dubi hanyar da ta miƙe cikin itatuwa. Rana tar, tsuntsaye na ta kuka. Takalman suna cikin jakarta, tana jin dunduniyarsu na tokarin gadon bayanta. Wani ne ya bi littattafan nan har ya gano ta, ya ɗauki sunan ya zura kamar riga. Yanzu duk wanda ya tambaya ina matarsa, da murna zai nuna masa hanya.

"Mama," ta ce a hankali, "ba ni da miji. Ban taɓa yi ba."

Tsohuwar ta damƙe hannunta. Suka gangara tare, Orville a baya yana waige, wasa ya ƙare. Da aka kai musu rahoto, ma'aikatan gandun daji sun hau zuwa tafkin da yammar, tokar wuta mai ɗumi kawai suka tarar. Lorna kuwa kafin ta shiga mota ta jefa takalman a garwar shara, har da ɗan hawayenta.

Mace ce mai taurin kai. Shekara na zagayowa ta zaɓi wasu duwatsun, tafiyar awa shida a mota, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta isa da safe, ta buɗe akwatin da niyyar rubuta sunanta shi kaɗai, a yi ta ta ƙare. Layin ƙarshe na littafin yana ɗauke da kwanan watan ranar.

"Wendell. Na gode da takalman, sun yi mini cif."

Ta sunkuyar da kai. Ga sawu nan a cikin laka ya nufi sama, na hagun da tsaga a dunduniya, ruwa bai ko gama taruwa a ciki ba. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ta mayar da littafin, ta koma mota da baya da baya.

Har yau tana rubutu ran Alhamis, a kan tumatirin bayan gidanta da tsuntsayen da ke sauka a taga. Jar jakar tana rataye a bayan ƙofa. In matan garin suka tambaye ta me ya hana ta hawa duwatsu, sai ta ce gwiwa ce.