Mutumin da Muka Bari a Rijiya

A gidanmu na Tsaskiya, in an gama kai amfanin gona rumbu sanyi ya fara shigowa, da an idar da sallar isha'i ake hura wuta a ƙofar ɗakin Iya Mairo. Karan dawa ne da ɓawon gyaɗa, sai wani gungumen itace da kan kwana biyu bai cinye ba. Iya ita ta haifi babanmu. 'Yar siririyar tsohuwa ce wadda hannunta ba ya zama banza, ko tana ɓarar gyaɗa ko tana ɗinkin faifai, bakinta kuma yana kan labari. Ni “maigida” take ce mini, tana ƙorafin wai ta yi rashin sa'ar miji, ga ci ga rashin cefane.

Wata shekara sai Baffa Sada, ƙanin babanmu da ke koyarwa a firamare a Safana, ya zo mana da kwamfuta. Tsohuwa ce, wani abokinsa ya bar masa, ga nauyi kamar dutsen niƙa. A shagon mai janareto yake yi mata caji, ya ɗauro ta a bayan babur duk ƙarshen mako. Tana da wani faifan wasa guda ɗaya. In ya saka shi, sai ga wani ɗan mutum bai fi tsawon yatsa ba, da jar hula, riƙe da fitila, yana sauka cikin wani rami mai hawa-hawa. Ya tsallake gurbi, ya kauce wa jemagu, ya nemo mabuɗi ya buɗe ƙofa, ya ƙara yin ƙasa. In yana tafiya sawunsa kan yi ƙit-ƙit-ƙit. Baffa ne ke danna madannai, mu namu ihu.

Ranar farko Iya ta harari abin ta ce, “Sada, wannan akwatin naka kasuwata ya zo kashewa.” Amma na lura ta ajiye gyaɗarta, ta gyara zama.

Batirin bai da ƙarfi. Kafin wuta ta ci rabin kara allon ya yi baƙi ƙirin, daidai lokacin da mutumin ya yi tsalle yana sama bai dira ba. Ƙannena suka fashe da kuka, ni ma saura kaɗan.

“Kai, ku yi mini shiru,” in ji Iya. “Kuna ta ihu, a cikinku akwai wanda ya san sunansa? Akwai wanda ya san abin da ya kai shi rijiya?”

Muka ce babu.

“To, ga ta nan ta iso. Ku buɗe kunne.”

Ta ce sunansa Tanko, mai gyaran fitilu ne a wani gari mai rijiya ɗaya tal. Mutanen garin ba su da aiki sai faɗa a bakin rijiyar, wannan ya ture wancan, waccan ta zagi wannan, har ruwan ya gaji da jin baƙar magana. Wata safiya aka zura guga, ya fito da yashi. Ruwa ya yi yaji, ya koma can ƙarƙashin ƙasa gidan iyayensa, ya rufe ƙofofi a bayansa. Sai an je biko. Ƙarti masu ƙirji kowa ya ce ƙafarsa na ciwo. Tanko ya zuba mai a fitilarsa, ya sallami uwarsa, ya kama igiya ya sauka.

Tun daga ranar haka muke yi. Baffa ya kunna mu kalla, batir ya mutu, Iya ta ɗauka daga inda aka tsaya. Abin da har yau nake jinjina mata shi ne, babu abin da ya wuce a allon da idonta bai kama ba, kuma kowanne sai ta ba shi dalili. Jemagun, ta ce maganganun da aka yi ta zubawa a rijiyar ne suka yi fukafukai. Mabuɗan, haƙurin da Tanko yake bayarwa ne a madadin garinsu, ƙofa ɗaya haƙuri ɗaya. Da ƙanwata Hinde ta tambaya me ya sa yake mutuwa ya sake tashi, Iya ta ce, “Wa ya ce miki mutuwa ya yi? Suma ce. Wanda ya tafi neman wa mutane ruwa ba ya mutuwa a hanya.” Sai dai ba ta taɓa wuce ƙofar da ba a buɗe ba. In ta kai shi bakinta sai ta ce, “A nan zan bar shi ya huta. Abin da ke ciki sai Sada ya zo.”

Da damina ta faɗi, babur ya zame da Baffa a rafi. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwa, kwamfutar kuwa ta sha ruwa, ba ta ƙara kunnuwa ba. Muka yi ta roƙon Iya ta ƙarasa mana labarin da kanta. Ta ƙi.

“Da idona na ga an bar bawan Allah a ƙasa,” ta ce. “Ba zan zauna nan in ce ya fito ba. Tatsuniya ƙarya ce, amma ba kowace ƙarya ake yi a cikinta ba.”

Ta ci gaba da ba mu wasu labaran, na Tanko kuwa ya tsaya a bakin ƙofa.

Na girma, na yi karatu, na samu aikin koyar da kwamfuta a wata sakandare a Katsina. A tsakanin nan kwana a ƙauyukanmu ya zama abin fargaba, gidanmu suka tattara suka koma Batsari, suka kama ɗakuna biyu a wani gidan haya da ke cike da mutanen Karare da Yasore, kowa da irin abin da ya taso shi. Iya ta yi shiru. Ba wuta, ba gyaɗar ɓara, abinci ma sai an lallashe ta. Babanmu ya ce tun da suka zo ko sau ɗaya ba ta tara yara ba.

Wata Asabar na je gaishe ta. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi iyali da aiki da gajiyar hanya. Can ta ce, “Maigida, mutumin nan kuwa ya fito?”

Na zaci wani namu aka ɗauke ban sani ba. Na ce, “Wa, Iya?”

“Tanko mana. Kai da aka ce yanzu akwatin ne sana'arka.”

Rabon da in ji ta nemi wani abu da bakinta har na manta. A ranar na je wajen Baffa, muka zazzage kayansa, muka samu faifan a cikin wata tsohuwar jaka, duk ya sha karce.

Na ɗauka aikin minti kaɗan ne. Kwamfutata ta yanzu ko ramin saka faifai ba ta da shi, sai da na aro na'urar da ake jonawa ta waje na kwafe abin da ke ciki. Na danna, ta ce ba ta san wannan irin ba. An rubuta wasan ne don tsarin tafiyar da kwamfuta na zamanin da, wanda na yanzu ya daina jin yarensa. Akwai wurin da ake umartar sabuwar kwamfuta ta ɗauki abu kamar yadda tsofaffi ke ɗauka, na gwada, allon ya yi walƙiya ya rufe.

A intanet na ci karo da wani zaure na mutane daga ƙasashe daban-daban, waɗanda ba su da buri sai kada tsofaffin wasanni su mutu. Sun haɗa wata manhaja kyauta, wadda ke gina tsohuwar kwamfuta sukutum a cikin sabuwa, har da baƙin allon da ake rubuta umarni da hannu. Na saka ta, wasan ya buɗe, sai ga jar hula. Amma ina taɓa madanni Tanko ya zura da gudu kamar an watsa masa ruwan zafi, ya faɗa gurbi kafin in ƙifta ido. Na rubuta tambaya a zauren. Wani dattijo da ban san ko a wace ƙasa yake ba ya yi mini bayani dalla-dalla: wasannin da, da saurin injin suke auna tafiyarsu, injin yanzu kuwa ya yi musu sauri, sai na rage wa manhajar gudu. Ya kuma nuna mini yadda zan sa sauti ya fito. Na yi yadda ya ce. Tanko ya ɗaga ƙafa a natse, ƙit-ƙit-ƙit. Ina zaune a ofishin malamai hawaye ya zubo mini.

Makonni na yi ina bugawa bayan an tashi makaranta, har na kai ƙofar ƙarshe. Ban buɗe ta ba. Na ajiye wasan a nan, na hau mota zuwa Batsari.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan hayar, wata maƙwabciya ta kawo kaskon garwashi. Yaran gidan suka kewaye mu. Idon Iya ya yi rauni, sai da na matso mata da allon dab da fuska. Ta daɗe tana kallo.

“Shi ne,” ta ce. “Ko hular bai sake ba. Sannu Tanko, ka sha zama.”

Na buɗe ƙofar. A ciki ya ja wani ƙarfe, ruwa ya ɓalle ya fara tasowa, shi kuma ya kama tsani yana hawa, ruwan na bin dugadugansa. Sau biyu ina faɗuwa, yara na ihu, Iya na cewa, “A hankali, maigida, kada ka kashe mini shi a bakin gida.” A na uku ya fito. Ciyawa kore, sama shuɗiya, sai wasu kalmomin Turanci na taya murna suka hau allo. Wasa ya ƙare.

“Shi ke nan?” in ji Iya. “Ina mutanen garin?”

“Babu kowa, Iya.”

“Ko mai miƙa masa ruwan sha?”

Na ce babu. Ta miƙe zaune sosai ta gyara ɗankwalinta. “Masu akwatin nan sun iya tura mutum rami, ba su san yadda ake dawowa gida ba. Yara, ku matso.”

Ta ce tun ranar da Tanko ya sauka uwarsa ba ta bar bakin rijiyar ba. Kullum sai ta share wurin, ta dama fura ta rufe da faifai ta zauna. In gari ya waye bai fito ba, ta ba masu wucewa ta jiya, ta dama sabuwa. Mutane suka ce ta zautu. Ranar da ruwa ya dawo, gari duka ya ruga da tuluna, kowa idonsa na kan ruwa, har ana taka Tanko. Ita kaɗai ta kalli wanda ya kawo shi. Ta karɓi fitilar daga hannunsa, ta ce sannu da hanya, ta miƙa masa ƙwarya.

“Shiga rami jarumta ce,” in ji Iya, “amma zaman jira a bakinsa shi ma aiki ne, kuma ba a yi wa mai yinsa kirari. Ƙurunƙus, na sauke kayana, wanda ya ji ya ɗauka.”

Daga ranar yaran gidan ba su bar ta ta huta ba, ita ma ba ta nemi hutun ba, har Allah ya karɓi abinsa. Sai bayan rasuwarta na fara fahimtar a ina ta samo uwar Tanko. Ta jira kakanmu shekarun da yake tafiya ci-rani, ta jira Baffa duk ƙarshen mako, ta jira ni duk hutun makaranta, kuma ban taɓa isa gida na tarar ba a ajiye mini abin sha ba. A lokacin na ɗauka haka nan gida yake, ban san wani ne ke tashi ya yi ba. Yanzu a yankinmu kusan kowane gida akwai wanda ake jira, wani ya tafi neman abinci, wani an tafi da shi. Ni dai abin da na iya kaɗan ne. In na ji wani namu yana hanya, ba na tambayar ƙarfe nawa zai iso. Nakan je tasha da wuri in samu benci in zauna, don in ya sauko daga mota ya tarar da fuskar da shi take nema.