Na Kai Malam Inda Zai Iya Numfashi

Gwamnati ta ce mu share gari, ba ta faɗa mana inda za mu kai sharar ba. Tun da soja suka kafa dokar tsabta ta Asabar ɗin ƙarshen wata, kowa a Kaura sai ya share ƙofarsa, ya tara, ya jira motar kwasa. Mota ba ta san hanyar unguwarmu ba. Duba-gari ne ya san ta, kuma in ya tarar da tsibi sai tara. To sai a kyasta ashana. Bolar ƙofar gidanmu ta kama tun bara, ta sha damina guda ba ta mutu ba: sama toka, ƙasa wuta. A bayanmu kuma mahauta na babbaka da tayar mota.

Malam, maigidana, ya yi aikin zuba gawayi a jirgin ƙasa har ya ajiye, ya fito da rabin ƙirji. Sauran rabin kuwa, bolar nan ke cin sa. A zaune yake barci, tokare da matasai. Likita ya ce a fitar da shi daga hayaƙi. Bai ce ko in shirya takaba ba, amma haka kunnena ya ji. Matan ajinmu na yaƙi da jahilci sun ce tunda hannuna ya faɗa, in rubuta musu yadda tafiyar ta kasance. Ga ta.

Alhamis, Kaura zuwa Shinkafi

Mun fita ana sallame asuba, Malam na tafe yana tsayawa. A tasha muka sami a-kori-kura ta 'yan cin kasuwar Shinkafi. Direba ya nuna mana baya, kan buhuna, daidai inda salansar motar ke feso baƙin hayaƙi.

Na ce, "Gaba za shi zauna."

Ya ce, "Inna, gaba na Alhaji mai shanu ne."

Na ce, "Alhajin da huhu nawa ya zo? Wanga da rabi ya zo."

Alhajin da kansa ya sauko yana dariya, ya ce shi dai a bar shi ya isa kasuwa da mutuncinsa. Ni na hau baya na toshe hanci da gyale.

Bayan Moriki akwai shinge. Ɗan sanda ya soki ƙunshina da sanda, ya ce mene ne. Na ce gadon mijina ne. Ya kwance, ya ga matasai, ya dube ni, ya ɗaure da kansa.

Da hantsi muka shiga Shinkafi, muka sauka gidan Alhaji Bawa, ƙanen Malam. An karɓe mu da fura mai sanyi, da rana aka yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, har da zabo. Ba ni da abin cewa game da karamcinsu. Sai dai gidan a bayan tasha yake. Manyan motocin da ke lodin Nijar ba a kashe su, haka suke ta gurnani a tsaye. Jikin katanga kuma injin niƙa ne mai shan baƙin mai. Kafin la'asar ƙirjin Malam ya fara busa, har daga tsakar gida ana ji.

Amma ya ce shi ya iso. Gidan ƙanensa gidansa ne.

Na ce gobe za mu wuce Birnin Tsaba, garinmu, wurin yayana.

Alhaji Bawa ya ajiye buta. Ya ce, "Hajo, so kike a ce yayana ya tsufa ya koma zaman gidan surukai?"

Na ce, "So nike a ce yana da rai. Sauran maganar ku yi ta a zaure."

Malam ya so ya yi faɗa, numfashin faɗan ne babu.

Juma'a, Shinkafi zuwa Zurmi

Da safe kafin in shirya Malam ya ɗaura rawani. Bai ce ya yarda ba, ni ma ban tambaya ba. Muka komo ta hanyar jiya, muka sauya mota zuwa Zurmi, wata tsohuwar bas da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Mun isa kafin azahar. Malam ya shiga masallacin Juma'a, ni na zauna wurin wata mai ƙosai. Ta ce daga ina. Na ce Kaura. Ta ce ai ta sani, tun daga warin gyalena.

Daga nan motar masu gero ta ɗauke mu zuwa Birnin Tsaba. Kaka ce, an yanke, an jera dammuna a gonaki. Tun kafin in hango gari na ji shi: ɗanyen kara, kashin shanu, da sanyin nan da ke tasowa daga gulbi. Na yi shekaru ina ce wa mutane ni 'yar Kaura ce. Ashe hancina bai taɓa yarda ba. A nan ba a ƙone shara. Jaki ke kai ta gona, ta dawo hatsi. Na tuna innata tana aikena da kwandon toka bayan gari, ina tafe ina ƙunƙuni, ban san a cikin daɗi nake ba.

Yaya Mamman ya fito tarbarmu har bakin hanya. Iyayenmu sun daɗe da rasuwa, shi ne babba a gidan, amma Malam ya ƙi wuce zaure. Ko zauren ma bai zauna ba. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiyar waje, ya ce iska zai sha. Na shiga gaida mata. Da na fito bayan la'asar da ƙwaryar nono, sai na same shi a miƙe, rigingine, ba matashi ko ɗaya. Ƙwaryar ta kusa suɓuce mini. Na durƙusa na kai kunne. Barci yake, ƙirjin na hawa yana sauka, shiru.

Yaya ya tsaya a kaina. Ya ce, "Mi kike saurare?"

Na ce, "Rabona da in gan shi kwance tun kafin auren autarmu."

Da ya farka, Yaya bai yi masa tayin ɗaki ba, ya san wanda yake magana da shi. Ya ce, "Malam, ina da lambu bakin gulbi, awaki sun hana ni sakat. Akwai bukka. Mai tsaro nike nema, ba baƙo ba. In ba ka iyawa, in nemi wani."

Malam ya ce, "Wanda ya tsare wutar jirgi, akuya ce za ta gagare shi?"

Sannan ya juyo wurina. Ya ce, "Ke kuma ki koma. In kin zauna, cewa za a yi yaji kika yi kika jawo miji. Ranar da bolar ƙofar gidana ta mutu, ki aiko in taho. Ban yi niyyar cikawa inda ba a jin kukan jirgi ba."

Asabar, komawa

Ranar tsabta ce, ba motar da ke motsi sai an ɗage doka da hantsi. Na raka Malam lambu, na share masa bukka, na nuna wa matar Yaya yadda yake son kununsa, ba tsami. Da zan tafi bai ɗago ba, yana ta gyaran shingen da ba abin da ya same shi. Sai da na yi nisa ya ce in gaida abokan aikinsa na garejin jirgi.

Ba sai an ce maka ka kusa Kaura ba. Daga nesa na hango hayaƙin kwance a kan gari, toka-toka, kowace unguwa da nata ginshiƙin. Gari ya bi doka. Wani a motar ya ce kai, yau an yi tsabta. Na bar shi, don na gaji.

Na isa gida da la'asar. Maman Iliya, maƙwabciyata, matar wani ma'aikacin jirgi daga kudancin Zariya, ta kula mini da awaki. Ita da Yaya Mamman da Alhaji Bawa, har da Alhajin da ya bar kujerarsa, Allah ya saka musu. Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da ni. Da magariba jirgi ya yi kuka, na juya in ce wa Malam yau ya makara, sai bango.

Washegari da na idar da asuba na ɗauki guga da fartanya. Na ja ruwa, na tone bolar, na zuba. Ta yi tsaki ta tura mini tururi a fuska. Na koma rijiya. Ina cikin haka Maman Iliya ta fito da shirin coci, ta tsaya.

Ta ce, "Maman Asabe, wutar nan damina ma ba ta kashe ta ba."

Na ce, "Damina ba ta da miji a Birnin Tsaba."

Ta dubi takalmanta, ta cire su ta ajiye kan dakali, ta ce in miƙo gugan.