Gaiwar da Baba Ya Haƙo

Mahaifina manomi ne, amma a ƙauyenmu da ke kusa da Gangara an fi saninsa da haƙar gaiwa. Idan rani ya yi nisa, tabkin bayan gari ya ƙafe, laka ta tsattsage, sai ya ɗauki dagi ya shiga yana duddubawa, yana neman ɗan ramin da bai fi a zura yatsa ba. Ta nan take shaƙar iska. Gaiwa kifi ce doguwa mai santsi kamar maciji. Da ruwa ya soma janyewa sai ta nutse cikin laka ta naɗe, yauƙin jikinta ya bushe ya rufe ta, ta kwanta har damina. Baba ba ya kwashe su duka. Yana barin na tsakiyar tabki saboda baɗi.

Ni na yi karatu, na zama malamar kimiyya a wata sakandare a Sabon Birni. Wata ranar hutu na nuna masa hoton wani kifin teku a littafina, dogo siriri, wutsiyarsa mai tauri da tsini. Na ce masa da wutsiyar yake haƙa rairayi, ya shige da baya ya bar kai kawai a waje, yana jiran ƙananan kifaye da ƙaguwa.

Ya daɗe yana kallo. "Wanga ai dangin gaiwa na. Shi ruwa ba su ƙafe mai?"

"Teku ba ya ƙafewa, Baba."

Ya yi dariya, ya ce to wannan bai san wahala ba.

Bayan nan ne masu bindiga suka tashe mu. Iyayena suka dawo wurina, ɗaki ɗaya na ba su. Damina biyu ba a taɓa gonarmu ba. Masu zuwa ɗebo itace a ɓoye suka ce ko tabkin bai tara ruwa ba, yashi ya toshe hanyar da gulbi ke bi ya cika shi, kuma babu mai yashewa.

Wata safiya na tarar da Baba yana ɗaure dagi a bayan babur ɗin wani ɗan kabu-kabu.

"Ina za ka, Baba?"

"Za ni tabki. Na bar su can tsakiya."

Inna ta fito tana roƙonsa. Ni ma na riƙe hannun rigarsa, na ce hanyar ba ta biyuwa. Ya zare hannuna a hankali ya hau. Ranar na shiga aji amma ban san abin da na koyar ba.

Da la'asar ya dawo, ƙafafunsa sun yi fari fat, da dunƙulen laka uku cikin buhu. Ya ce mai babur ya ajiye shi nesa, ya ƙarasa a ƙasa. Ya ce an cire rufin gidanmu da ƙyauren ƙofa, rumbu kuma babu ko zangarniya. Ya faɗi haka kamar labarin gidan wani. Sai ya nemi in kawo baho da ruwa.

Muka zauna mu uku muna kallon lakar tana narkewa. Na sha ganin yadda ake yi tun ina ƙarama: laka ta jiƙe, abu ya motsa, ta warware tana neman cizo. Ta farko da ta fito ta bushe ƙayau kamar tsohuwar igiya. Ta biyu ta fashe a hannunsa. Ta ukun da ɗan laushi, don haka ya hana a zubar da ruwan. Kwana biyu yana leƙa bahon, yana taɓa ta da tsinke. A rana ta uku wari ya tashi, Inna ta ɗauka ta kai juji.

Cin abincin Baba ya ragu, ya koma zama a ƙofar gida yana tambayar duk wanda ya fito daga wajen garin Isa labarin hanyar ƙauyenmu. Amsar ɗaya ce kullum: ba ta biyuwa.

Bana gwiwarsa ta kumbura, masallaci ma sai da sanda. Inna ta ce in nema mana gidan haya mai ɗaki biyu, tunda dai zaman nan ne. Na fara tambaya a unguwa.